Asalinmu a Hannun Baƙo

Fim ɗin ya shigo gidanmu ne a cikin ɗan filashi da wata maƙwabciya ta ara mana. A lokacin gidajen silima na Umdurman sun daɗe da mutuwa. Tun ina ƙarama, a farkon mulkin soja, suka fara zama kangaye, wasu kuma aka mai da su wurin ajiye kaya. Don haka a tsakar gidanmu da ke unguwar Umbadda muka kalle shi, bayan la'asar, a 'yar kwamfutar da nake aikin makaranta da ita. Mu uku ne a kan gadon igiya ɗaya: ni, da ƙanwata da muke kira Auta, da kakarmu ta wajen uba, wadda duk unguwa ke ce wa Haboba. Innarmu ta rasu Auta na goye, Haboba ce ta raine mu.

Labarin soyayya ne na zamanin Turkawa, an ɗauko shi daga wani littafi da na karanta ya fi sau biyar. Ni malamar Larabci ce a makarantar 'yan mata, kuma in faɗi gaskiya, a shekarun nan ina ji da kaina. Tun kafin a yi nisa na fara tsaki. A littafin, budurwar ba ta nuna wa saurayin fuskarta ba sai a shafin ƙarshe. Wasiƙu ne kawai ke kai da komowa tsakaninsu ta hannun wata tsohuwa mai tallar turare. A fim kuwa, ko rabin sa'a ba a yi ba ta leƙo ta taga, kai babu ɗankwali, ta jefo masa ɗan hotonta na zane. Haboba ba ruwanta da wannan, kayan jikinsu take kallo tana cewa irin wannan saƙa ta ƙare a duniya. Auta, mai shekara goma sha shida, ta yi kuka har da majina.

Jaridun Hartum sun yi wa fim ɗin ca. A wancan zamani akwai abubuwa da yawa da marubuci ba ya iya taɓawa, in ya taɓa a kwashe jaridar tun daga maɗaba'a, to sai duk fushin da ke cikinsu ya sauka a kan wannan baiwar Allah mai leƙen taga. Wani ya ce an zubar da littafi an riƙe labule da fitilu. Wani ya ce budurwar littafin tana da hankali da haƙuri, ta fim kuwa gashi kawai gare ta. Nakan sayo jaridun in karanta wa Auta da ƙarfi, don neman tsokana. Ita kuma ta ce duk tsofaffi ne da ba su taɓa son kowa ba, kuma ni ma ina kan hanyar zama irinsu.

Shekarar ce za ta zauna jarrabawar shahada, ta gama sakandare. Da ƙyar Baba ya yarda ta riƙe waya mai intanet, sai da na tsaya mata, na ce darussa za ta riƙa saukewa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ranar da wayar ta jawo magana, makarantar ma ta ƙare. Baba mai ɗinkin huluna ne a kasuwar Umdurman, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwa in liman ya yi tafiya. Ba ya faɗa, ba ya kuma maimaita magana.

Akwai wani zauren masu karatu a intanet da ni da kaina na sa ta a ciki. Nan ta rubuta dogon bayani tana kare fim ɗin, da Larabcinta mai kyau, wanda ba sai na ce wa ya koya mata ba. Aka taru a kanta ana dariya. Mutum ɗaya ne ya goya mata baya. Bayan kwana biyu ya aiko mata da saƙo ita kaɗai, da haruffan Larabci amma da Hausa, yana tambaya ko ita 'yar gida ce. Wataƙila daga sunan kakanmu da ke jikin sunanta ya gane.

Sai wanda ya tashi a cikinmu zai san nauyin wannan. Mu Hausarmu a baki take, a tsakar gida da gidan biki da gidan makoki. A cikin mota ma mukan rage murya, ko mu juya Larabci. Ban taɓa ganin an rubuta ta a waya ba sai ranar. Auta ta fito daga ɗaki tana dariya, lokacin Haboba na soya gahawa a kan gawayi.

"Haboba, ga wani namu a cikin waya," in ji ta.

A wurinmu, in ka haɗu da naka, ba a rabuwa sai an yi asali. Ɗan wa? Jikan wa? Ta wace hanya kakanku ya biyo da niyyar hajji, a ina guzuri ya ƙare masa, a wane ƙauyen Jazira ya yi cirar auduga? Mutanen da suka baro gida da ƙafa suka warwatsu a hanya, da haka suke gane juna, da haka ake samun masauki da aure da masu yi maka salla in ka mutu. Wanda aka tambaya ya noƙe, to ko yana ƙyamar asalinsa ne, ko yana da abin ɓoyewa. Haboba kuwa gwana ce. Tana iya jero kakanni bakwai da zangon da kowannensu ya yada, ba ta tsallake ko rijiya ba.

Ta sauke kaskon gahawa, ta gyara zama. Auta na ta fama da yadda za ta rubuta Hausa da haruffan Larabci, sai na fizge wayar na ce ta kawo wa masu ilimi. Haboba na faɗa, ina rubutawa. Garin da kakan kakanmu ya taso a ƙasar Haɗeja, da zangon da ya yi shekara tara a hanya, da ƙauyen Jazira, da zamanmu a unguwar Mayo ta Hartum kafin mu dawo Umbadda. Daga nan muka gangaro har yau: layin masu huluna inda Baba yake zama, masallacin da yake salla, da gida mai koriyar ƙofa a bayan gidan burodi. Haka ake yi, don in naka ya shigo gari kada ya kwana a tasha.

Da muka tambayi nasa, sai ya ce ai kakansa ma a wannan ƙauyen na Jazira ya zauna. Haboba ta tafa hannu, ta ce to ba mamaki jikan mai gishiri ne, wani mai ido ɗaya da ta sani tana yarinya. Na rubuta. Ya ce shi ne kuwa. Ni da ke gano inda fim ya ci amanar littafi, ban lura ba cewa duk abin da ya faɗa mu muka fara sa masa a baki. Muka sha gahawarmu cikin farin ciki.

Makonni suka wuce. Auta ta rage cin abinci, ta daina musu da ni, wayar kullum a kife. Na ɗauka jarrabawa ce. Wata Asabar da hantsi, da yake Juma'a da Asabar ne hutunmu na mako, na ɗauke ta zuwa Hartum mu sayo littattafan tsofaffin tambayoyi. Motarmu na kan gada na waiga na ga hawaye na zuba a fuskarta, babu sauti. Muna haye kogi na sauke ta, muka zauna wurin wata mai shayi a ƙarƙashin itatuwan bakin Nilu.

A hankali ta faɗa mini. Mutumin ya ci gaba da yi mata hirar fim. Ya ce ta fi duk marubutan jarida fahimta, ya ce ma ta yi masa kama da budurwar tun bai gan ta ba. Daga nan ya roƙi hotonta a bakin taga, irin na fim. Ta ɗauki tob ɗina na zuwa biki, wato lafayar da nake ji da ita, ta cire ɗankwali, ta tsaya a tagar ɗakinmu. Hoto ɗaya. Bayan kwana uku ya nemi wani iri, wanda ba ta iya faɗa mini da baki ba. Da ta ƙi, sai ya ce zai buga na farkon a takarda, ya manna a ƙofar masallaci, ya kai wani layin masu huluna.

"Yaya, a fim ɗin da ta jefa masa, a ƙirjinsa ya ɓoye," in ji ta.

Hannuna har ya ɗaga, marinta zan yi a gaban mai shayi. Sai ta miƙo mini wayar. Saƙonsa na ƙarshe kwatancen gidanmu ne, ya kwafo shi yadda yake ya dawo mana da shi, koriyar ƙofa da gidan burodi da komai. Rubutuna ne. Na gane yadda nake rubuta kowace kalma. Kunya irin ta ranar ban taɓa ji ba, kuma tsoro ya kama ni sosai. A shekarun nan yarinya kan shiga hannun 'yan sanda a kan ɗankwali kawai, amma ba su nake tsoro ba. Bakin unguwa nake tsoro, da maganar Baba guda ɗaya. Saura wata biyu jarrabawa.

Auta ta roƙe ni mu jefa wayar a kogi, kada Baba ya ji. Na ce ko mun jefa, ƙofarmu tana nan da koren fentinta. Muddin Baba bai sani ba, mutumin nan yana riƙe da mu. Ta ce in ya sani makaranta ta ƙare. Ban iya ce mata ƙarya take ba. Muka sake hawa mota, ba mu sayi littafin ko ɗaya ba, muka sauka kasuwar Umdurman.

Mun tarar da Baba shi kaɗai a rumfarsa, da hula a gwiwa da allura a hannu. Na durƙusa na faɗa masa, na fara da nawa laifin. Auta na tsaye a bayana ta riƙe gefen mayafina kamar tana 'yar shekara biyar. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta daga idonsa don ba ya gani na kusa, ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya gangara kan saƙon.

"Wa ya rubuta kwatancen gidan?"

"Ni ce, Baba."

"Wa ya faɗa?"

"Haboba."

Ya soke allurar a jikin hula. Daga nan ya miƙo mini wayar ya ce in rubuta abin da zai faɗa, kada in ƙara, kada in rage: "Ni ne mahaifinta. Na ga hoton. Ka san ƙofar, ina gida bayan la'asar." Na aika. Ya karɓe wayar ya jefa a aljihun jallabiyarsa. Bai dubi Auta ba ko sau ɗaya, ni ya kalla.

"Gobe Lahadi, akwai makaranta. Kai ta gida ta yi karatu."

Mako biyu Baba na tashi daga kasuwa da wuri, ya sa kujera a ƙofar gida, ya zauna da hulunansa har magariba. Kowace salla shi ne farkon isa masallaci, kuma sau biyu na hango shi yana bin bangon da kallo kafin ya shiga. Babu wanda ya zo. Shafin mutumin ya ɓace. Har yau ba mu san ko shi wane ne ba, ba mu kuma san inda hoton yake ba. Kafin Baba ya kulle wayar a akwatinsa, ni na goge hirar gaba ɗaya, ina gogewa ina jin haushin kaina. Auta ta zauna jarrabawa ta ci. Har gobe in aka taɓo maganar takan ce marubutan nan ba su yi wa fim ɗin adalci ba, amma ba ta sake kallonsa ba.

Baba da kansa ya faɗa wa Haboba. Ta ƙi yarda, ta ce jikan mai gishiri ba zai yi haka ba. Ta aika Jazira a tambayo. Amsa ta dawo cewa mai gishiri ya mutu bai bar ko ɗa ɗaya ba. Ranar ba ta soya gahawa ba.

Bayan wasu watanni na raka ta asibiti. A raksha, wato babur mai ƙafa uku, muka haɗu da wata dattijuwa ɗauke da ƙunshin kaya, da gani daga ƙauye take. Ta ji muna Hausa, fuskarta ta washe, ta gaishe mu da kyau, ta ce 'yan gidan wa ne mu. Na ga Haboba ta gyara zama yadda ta saba, ta buɗe baki. Sai ta rufe, ta juyo ta dube ni.

"Mu 'yan nan ne," in ji ta.

Matar ta ce to madalla, ta mai da fuskarta titi. Na so in ce Haboba faɗa mata, wannan tamu ce, ga ta a gabanmu. Ban ce ba, don ni ma a lokacin ban tabbata ba. Wannan shirun ya fi mini ciwo a kan duk abin da ya faru.

Ba ta sake jero asalinmu ba har ta rasu, shekara biyu bayan haka. Ni kuma ban taɓa haddace shi ba, don ina ganin kullum tana nan. Yanzu in 'ya'yan Auta suka tambaye ni, nakan faro daga Haɗeja, in zo Jazira, in zo Mayo. Amma zangon nan da kakan kakanmu ya yi shekara tara, sunansa ya ɓace mini, Baba ma bai riƙe ba. Sau ɗaya tak aka taɓa rubuta asalin gidanmu cikakke, daga bakin Haboba, da hannuna. Namu na goge. In akwai sauran kwafi a duniya, yana wurin mutumin nan.