Kwanon da Arzika Ya Ture

Duk leburan da ya yi aiki a dam ɗin Bakolori ya san tuwon Turai. 'Yar ƙaramar mace ce mai faɗan tsiya. Ka rage loma a kwano, sai ta biyo ka da ludayi tana tambayar me miyarta ta yi maka. Ƙarti ɗari take ciyarwa a yini, amma mijinta Arzika ya gagare ta.

Shekarar da ruwan dam ya cinye gonarsa ta Maradun suka koma Talata Mafara, shekarar ce Arzika ya fara ture kwano. Kowa ya ce baƙin cikin gona ne, Turai ma ta yarda, tunda rabin mazan garinsu haka suka rame. Ta yi lallashi, ta yi masifa, har yaji ta yi na kwana biyu. Daga ƙarshe ta je Bakura ta roƙi yayanta Bello ya ara masa gona. Arzika ya noma, gero ya yi kyau, ta dama masa furar sabon gero. Kurɓa ɗaya ya yi ta dawo ta hanci.

"Ba ƙin ci nika yi ba, Turai," in ji shi. "Ba ta wucewa."

Nan hankalinta ya tashi. Shekara guda cur tana yi wa bawan Allah faɗa a kan abin da ba laifinsa ba.

Bello ya kai su babban asibiti a birni. Likita ya zura wa Arzika wata doguwar roba mai 'yar fitila ta baki, ya sa ido a ɗaya ƙarshen yana leƙawa. Robar ba ta yi nisa ba ta tsaya cak.

Da ya fito Turai ta tare shi. "Likita, don Allah mi kag gani?"

Ya ce ciwon daji ne, daga tumbi ya faro ya hauro maƙoshi. Za a auna ɗan naman da ya tsinko, amma kada ta sa rai da tiyata. Ta tambayi girman hanyar abincin da ta rage. Ya ce ba ta fi tsinken tsintsiya ba.

Suna dawowa ta rufe rumfar tuwo. Ta koma tace koko sau uku da ƙyalle, tana ɗiga masa da cokali tana roƙon Allah ko ɗigo biyar su wuce. Ita ma ta daina ci. Da wane baki za ta tauna abinci a gidan nan?

Wata Juma'a da hantsi Arzika ya kawar da cokalin, ya ce ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Ta tuƙa da sauri, tana zaton sauƙi ne ya zo. Ta ajiye kwanon a gabansa.

"Ba ni za ya ci ba," in ji shi. "Zamna nan ki ci, in gani."

Ta zauna ta yanki loma, hawaye na zuba cikin miyar. Yana kallon wuyanta har ta haɗiye.

"Ƙara," in ji shi.