Masu Ban Ruwa a Zauren Baba

Ni haifaffen unguwar Agege ne a Legas, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin zauren gidanmu babu baƙo ba. Babana fataucin goro ya gada, amma abin da aka fi saninsa da shi a unguwa shi ne saukar baƙi. Duk wanda ya sauko daga mota da buhu a ka, ya ce ga wanda ya turo shi, to ya samu tabarma da tuwo har Allah Ya buɗa masa. Mun taso muna tsallake ƙafafun mutanen da ba mu sani ba in za mu masallaci. Wannan ɗabi'a ta Baba ita ta cinye mini wahalar shekara guda, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da na gama bautar ƙasa na zauna ba aiki, kullum ina bin danfo, motar hayar Legas, zuwa Oshodi da Ikeja ina kai takardu inda ba a karantawa. Sai wani abokina ya nuna mini sanarwar wata ƙungiya da ke neman 'yan sa-kai masu jin Hausa da Turanci, a kai su ƙauyukan Nijar su koyar da Turanci, su kuma taimaka wajen dasa itatuwa. Babu albashi, sai abinci da ɗan na sabulu. Na ce ko ba komai na huta da tambayar Inna ta kullum, wai yau ma ba su kira ba?

Baba bai so tafiyar ba. Ya ce mutane na baro can suna zuwa nan neman na abinci, ni kuma zan bar nan in je can aikin kyauta, wannan wane irin karatu ne. Duk da haka ranar tafiya ya zaɓo goro fari mai kyau, ya naɗe da ganye, ya ce in kai wa duk wanda ya sauke ni.

Ƙauyen yana arewa da Maradi, kuma yashi ya riga ya fara cin gonakin gabas. Wani dattijo ne ya sauke ni a gidansa, ya ba ni ɗakin da ya fi kowanne, ya hana ni ko da sayen sukari. Babban ɗansa sa'ana ne, yana da mata da 'ya'ya biyu, shi ya zama abokin aikina. Shi da duk garin Mushe suke kirana, wato malamin boko. Sun sha dariyar Hausata, suka ce rabinta Yarbanci ne, ni ma na rama da tasu.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Muna renon dashe a baƙaƙen ledoji kusa da rijiya, gawo da bagaruwa da kuka da dogon yaro. Da damina ta sauka muka dasa su layi-layi a bakin gonakin gabas don su tare yashi, muka kewaye su da shingen ƙaya. Jami'ar ƙungiyar, wata mata mai yawan magana da takan zo daga Maradi, ta faɗa mana ta sake faɗa: ranin farko shi ne komai. In aka ba su ruwa aka kare su daga awaki har wata daminar, sun tsira, za su riƙe kansu. In aka yi sakaci na 'yan makonni, sai a sake daga farko. Rijiyar kuwa mai zurfi ce, sai ƙarti da bijimi suke jan guga. Saboda haka aka yi yarjejeniya da samarin garin: ni in koya musu Turanci bayan la'asar, su kuma ban ruwa ya zama nasu.

Da farko na tsani aikin. Igiyar guga ta ɓare mini tafin hannu, ƙaya ta yi mini zane har gwiwa. Ban san lokacin da itatuwan suka shiga raina ba. Na wayi gari ina zagaya su kamar mai duba jinjiri, ina zagin akuyar mutane da Yarbanci don kada mai ita ya ji. Akwai wata kuka a ƙarshen layi da ta ƙi tsiro har muka fid da rai, ranar da ta fito da ganye na yi ta murna kamar an kira ni aiki.

Aji kuwa kullum cike yake, har na fara jin kaina wani babban malami. Sai dai ba su damu da abin da ke cikin littafin ƙungiya ba, labarin tsuntsaye da amfanin inuwa. Tambayarsu daban ce. Yaya ake cewa ina neman aiki? Yaya ake tambayar farashi? In ɗan sanda ya tare ka, me za ka ce masa? Ni kuma da son a yaba mini, sai in miƙe in yi musu kwandastan danfo yana kiran Oshodi, in yi musu oga yana faɗa da direba, su yi ta faɗuwa don dariya. Babban ɗan gidan ya fi kowa kamawa, abin da na faɗa sau ɗaya ya zauna masa.

Dattijon ma yakan tambaye ni gida in muna hira bayan cin abinci. Na ba shi labarin Baba da zaurensa da ba ya rabo da baƙi, na ƙara gishiri ma. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce Allah Ya saka masa. A lokacin na riga na san samarin garin iyakarsu Maradi ko Katsina in za su ci-rani, su yi ɗan lokaci su dawo, saboda Legas ba a zuwanta sai da masauki da kuma harshe. Na san wannan sarai, kawai ban haɗa shi da hirar da nake yi ba.

Wa'adina ya cika bayan kaka. Ranar da zan taho muka zagaya itatuwan ni da babban ɗan gidan, wasu sun kai mini gwiwa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Mushe, ka tahi da kwanciyar rai. Ko guda ba ta mutuwa." Na dawo Agege ina nuna hotunansu a waya ga duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni, har ƙannena suka fara gudu in sun ga na sa hannu a aljihu.

Rani ya yi nisa, wata rana na dawo daga Ikeja da yamma, na ga takalma jibge a ƙofar zaure. Ban kawo komai ba, gidanmu ne. Ina sa kai sai na ji an haɗa baki, da irin muryar da na koyar, "Good afternoon, sir." Ajina ne kusan gaba ɗaya, zaune a kan tabarmin Baba, babban ɗan gidan dattijon nan a gaba yana washe baki. Baba na tsakiya fuskarsa kamar ranar Salla, gabansa ga cuku da kilishi da dattijon ya aiko, tare da saƙon baki cewa ga 'ya'yansa nan ya damƙa masa.

Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Wa kuka bar wa ban ruwa?"

Babban ɗan gidan ya sunkuyar da kai. "Mata da yara na yi, Mushe, in sun samu sarari."

"Matan ne za su ja gugar nan?"

Baba ya dube ni da kallon da na sani tun ina yaro, ya ce in shiga ciki in ce a ƙara tuwo.

Na same shi a ɗaki bayan magariba, na ce don Allah ya ba su na mota su koma, ko rabinsu ne, in ba haka ba aikin shekara ya tashi a banza. Ya bar ni na gama tsaf.

"Wata nawa ka yi kana cin tuwon uban yaron nan?"

Na ce ai wannan daban ne, Baba.

"Ya taɓa tambayarka ranar tafiya? Mutum ya riƙe mini ɗa, ya turo mini nasa, in ce su koma saboda itace? Ba a gidan nan ba."

Inna da ke jin mu daga tsakar gida ta ce, "To ai kai ka koya musu Turancin, ka kuma yi musu kwatancen gida. Ka ɗauka da itatuwan za su yi ta hira?" Wannan dariyar tata ta fi maganar Baba ƙona mini rai.

Kafin wani lokaci Baba ya raba su. Wasu dako a kasuwar Mile 12, wasu gadi, ɗaya wajen mai shayi. Na buga wa jami'ar ƙungiya waya ina huci, ta ce abin takaici ne ƙwarai, in rubuto rahoto. Na buga wa dattijon. Ya gaishe ni gaisuwa doguwa, ya tambayi Baba da Inna, sannan ya ce awaki sun fasa shingen, ganye kuma ya fara bushewa. Na tambayi kukar ƙarshen layi, ya ce bai lura ba. Sai ya ce, "Gero bai yi ba bana, Mushe. Rumbu ba ya kai mu damina." Hakan bai rage mini haushi ba, sai ma ya hana ni wanda zan sauke shi a kansa.

Babban ɗan gidan shi ya fi daɗewa bai samu wuri ba. Daga baya aka ce wata madam a Ikeja na neman mai kula da lambu, amma sai wanda yake jin Turanci, kuma sai wani ya tsaya masa. Baba ya ce ni zan raka shi. Na ce ina da uzuri, ya ce uzurin ya jira.

Gida ne babba, ciyawa shimfiɗe kore shar tun daga ƙofa. Madam ta yi masa tambayoyi, ya amsa da jimlolina ɗaya bayan ɗaya, har da inda nake jan murya. Ta tambaye shi ko ya san ban ruwa, ya ce ya sani, ya nuna ni ya ce ga wanda ya koya masa komai. Ta yaba mini sosai. Ta miƙa masa tiyo ta ce ya gwada ta gani.

Ya murɗa famfo, ruwa ya taho da ƙarfi ba guga ba igiya. Ya tsaya yana kallonsa yana kwarara kan ciyawa, yana gangarawa kwata. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Mushe, wagga ciyawa, wace dabba ka cin ta?"

Na ce babu, ta kallo ce. Ruwan ya fara taruwa a gindin takalmina. Na ce masa da Hausa, da muryar da ban yi niyya ba, ya kashe famfon nan haka, ya isa. Madam ba ta ji abin da na ce ba, amma ta ga ya nufi famfo, ta ce a'a, ya bar shi, can gefen katanga bai sha ba tukuna. Ya dube ni, ya dube ta. Sannan ya ce, "Yes, ma," ya ja tiyon ya nufi katanga.