Akwatin Hajiya Da Aka Tsare A Bodar Jibiya

Har yau ban manta da wata Laraba cikin damina ba, shekarata ta biyu ina akawu a ofishin wani ejan a bakin bodar Jibiya. Ga waɗanda ba su san sana'ar ba, ejan shi ne mai yi wa ɗan kasuwa takardun fiton kaya. Ƙa'idar farko da Oga Lawal, maigidana, ya koya mini ita ce: kowane kaya yana da lambar mota, sunan direba da takarda. In babu ɗaya cikin ukun nan, babu kaya, ko da uwarka ce ta rantse.

Oga ya haura hamsin, shekara biyu da rasuwar matarsa. Ana nan sai wata Hajiya Balkisa ta ɓullo masa a waya, wai bazawara ce a Yamai. Na ga hoton. Fara ce doguwa, idanu dara-dara kamar an wanke su da madara, da ɗan murmushi irin na wadda ta san ciwon rashi. Ni kaina sai da na yi ajiyar zuciya. Da yake Oga ya san ni da karance-karancen soyayya, ni ya ɗora wa rubuta saƙonni. Na zage na zuba basira: tauraruwa, sanyin idaniya, zuciyar da ta yi ƙaura. Sai dai ya sa na ƙara wasu abubuwa. Ya ce in rubuta cewa shi babban ɗan kwangila ne a Kaduna, ya kuma ɗauki hoto jingine da motar wani Alhaji da ta tsaya shan mai.

Ranar da nake ba ku labari, Hajiya ta turo cewa ta aiko masa da akwati: agogon zinare, turare, shaddodi. Ba a jima ba wani mutum ya kira, ya ce shi jami'i ne, an tsare akwatin, sai an tura kuɗin fito ta waya kafin la'asar, in ba haka ba za a yi gwanjonsa. Ina aka tsare shi? A bodar Jibiya.

Oga ya kashe waya yana gumi. Kuɗin da ke hannunsa na wani Alhaji Mamman ne mai fataucin wake, wanda motarsa za ta iso washegari. In aka taɓa su, motar ta kwana, sunan da Oga ya yi shekara ashirin yana ginawa ya tafi.

Ya ce, "Sanusi, tura musu. Kafin gobe na cike."

Na ce, "Oga, ga boda nan ta taga. Mu taka mana mu ga akwatin."

"Kai yaro ne. In na je, ai ta gane ba Kaduna nike ba."

A nan na gane inda gizo ke saƙa. Ɓarayin sun zaɓi Jibiya ne don sun ɗauka ta yi wa mutumin Kaduna nisa. Ƙaryarmu ce ta yi musu jagora, kuma da alƙalamina aka rubuta ta.

Na roƙe shi ya bar ni in kira mutumin a matsayin yaronsa. Na buɗe murya kowa ya ji.

"Ranka ya daɗe, lambar motar da ta ɗauko kayan fa?"

"Sirrin gwamnati ne."

"To sunan direba?"

"Kai, kana ɓata mini lokaci! Yanzu haka ina tsaye bakin ƙofa, rana na dukana saboda maigidanka."

Muka dubi taga. Ruwa ake shekawa tun hantsi, 'yan acaɓa duk sun fake ƙarƙashin rumfar mai shayi, bakin ƙofa ko akuya babu.

Oga ya fizge wayar. "Kai wane irin jami'i ne da ruwa bai taɓa shi? Ɗaga hannu in gan ka, ga ni nan ina kallon ƙofar!"

Mutumin ya auna wa Oga ashar ya kashe. Kafin azahar hoton Hajiya ya ɓace daga wayar. Oga ya daɗe yana kallon ruwa, har na fara tausaya masa. Can ya nisa ya ce, "Wataƙila ita ma cutarta suka yi, baiwar Allah."

Washegari motar wake ta wuce lafiya.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Duk wanda ya kira yana gaggauta ku, ya ƙi faɗin abin da za ku iya zuwa ku gani da ido, ya ce a tura kuɗi a asusun wani mutum, ɓarawo ne, kome daɗin muryarsa. Ku kashe waya, ku taka da ƙafa ko ku kira wanda kuka sani. Kuma na lura 'yan damfara ba wawaye suke nema ba. Sun fi samun gwanaye irinmu, masu tsare kowa da tambaya, waɗanda kunya ke hana su tambaya ranar da abin ya zo kansu.