Irin Gyaɗa Mai Jan Gari

Shekarun farko na mulkin kai, ina sabon mushe, wato malami, a lakwal, makarantar boko ta Maijirgi, gwamnati ta aiko da irin gyaɗa da aka barbaɗe da wani jan gari mai kashe ƙwari. Garin guba ne. An kuwa yi gargaɗi yadda ya kamata, da manyan baƙaƙe a jikin kowane buhu, cikin Faransanci, a garin da masu karanta Faransanci ba su cika tabarma guda ba.

Darasin wannan guba yana cikin tsarin karatu, na koyar da Faransanci. Yara suka haddace sunan gubar, suna rera shi kamar waƙa. Da na tambayi wanda zai iya bayyana wa innarsa, aka rasa ko ɗaya. Sai na maimaita da Hausa: kada a ci, kada a ba kaji, a wanke hannu.

Ina cikin haka mai duba makarantu ya iso daga Tasawa. Ya ja ni waje, ya ce mini da Faransanci kimiyya ba ta jin Hausa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, masu shukar ne ba su jin Faransanci."

Ya ce, "Wannan aikin malamin gona ne."

Malamin gona kuwa tuni ya gaya mini nasa aikin rabo ne kawai.

Da azahar tsohuwar da ke dafa wa malamai abinci ta so ta girmama baƙo. Ta ɗebo gyaɗar gwamnati, don ta fi ta gida ƙiba, ta wanke tas, ta soya. Ya ci yana yabo. Kafin la'asar amai ya kama shi. Motarsa ta kafe cikin rairayi, dole muka aza shi a amalanken jaki zuwa wajen likita.

A hanya na ji yana nishi: "Wayyo cikina! Don Allah ku yi sauri!" Hausa tsantsa. Ashe ya iya.

Ya warke. Tsohuwar ta yi ta kuka har na rantse mata ba laifinta ba ne. Ni kuma aka mai da ni wani ƙauye bayan Hawandawaki, horon karya dokar harshe. Can mota ba ta zuwa, saboda haka ba wanda ya sake hana ni magana da iyayen yara.