Kada Ɓera Ya Firgita

An kira ni gyaran fanka a ɗakin gwajin magani, amma ga ni zaune a benci, domin dattijon da ke kula da ɓeraye ya ce sai an gama ɗibar musu jini.

Gajere ne, gemunsa duk furfura, yana tafiya da safa kawai kamar mai satar fita. Farar rigar aikinsa ta yi dauɗa, kuma da gangan ya ƙi wanke ta, wai ɓerayen sun saba da warinta. Wata uku ke nan ana ba su wani magani, a ga ko zai rage sinadarin da fargaba ke tayarwa a jini. In suka firgita yau, in ji shi, aikin ya tashi a banza.

Yana buɗe keji yana raɗa, "Sannunku da hutawa, manya." Ina jin ko jikokinsa ba su samun irin wannan lallashi, kuma ba mamaki a gida akwai tarko a bayan buhun hatsinsa.

Sai ga shugabar binciken, takalminta na ƙwas-ƙwas, turarenta ya riga ta isowa. Dattijo ya tare ƙofa.

"Baba, aikina ne fa," ta ce.

"Naki ne, ranki ya daɗe. Amma jinin nasu ne."

Ta dube shi, ta dubi agogo. Yanzu haka tana nan kusa da ni a benci, takalmi a cinya, muna jiran ɓeraye su ba mu izini.