Fuskar Gwadabe Dillali a Talabijin

Gwadabe dillalin shanu ne, mutumin Ɗansoshiya ta ƙasar Kiru. Tun yana saurayi yake bin kasuwanni da sandarsa, yau Kwanar Dangora, gobe Tudun Wada, wani makon har Doguwa. Bai taɓa tara garken kansa ba. Abin da ya tara shi ne yardar mutane. Bafulatani zai koro bijimi daga ruga, ya damƙa masa igiya, ya wuce sayen kanwa da gishiri ko waiwaye babu. In saniya na da ciwon da ido ba ya gani, Gwadabe sai ya gaya wa mai saye ko da cinikin zai watse, abokan sana'arsa sun sha yi masa faɗa a kan haka. Dogo ne, mai farin gemu, mai saurin hawa, ga murya. Matarsa Zuwaira takan ce in yana magana a zaure, kaji ma barin gidan suke yi.

Wata ranar kasuwa a Kwanar Dangora wani matashi mai suna Khalifa ya sauko daga farar mota, da masu ɗaukar hoto a bayansa. Ya zagaya wajen mahauta da fatake yana tambayar wane ne ba a jayayya da maganarsa a nan, kowa ya nuna masa Gwadabe. Ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, Baba kaza, Baba kaza. Ya ce kamfaninsu, Taskar Gobe, ya kawo wa mutanen karkara kwandalar zinare don ajiya. Ya ce naira kullum zagwanyewa take, shanu kuma ɓarayi na kora su a daji, amma wannan ko a lalita mutum ya sa ta, ta zauna.

Maganar ta shige Gwadabe, don ya san mutanen da aka wayi gari babu ko ɗan maraƙi a turkensu. Amma shi ba yaro ba ne. Ya ce a ba shi guda ya kai a duba. Khalifa ya zaro daga aljihu ya miƙa masa yana murmushi. Gwadabe ya shiga mota har Kano, wajen masu gwal. Aka goga ta a dutse, aka ɗiga mata ruwan gwaji, aka ɗora a sikeli, aka ce zinare ce. Ya shiga wani shagon, nan ma haka.

Shi ya sa da su Khalifa suka dawo suka zaunar da shi a gindin darbejiya, suka sa masa sabuwar babbar riga, bai ji komai a ransa ba. Ya dubi na'urar ɗaukar hoton ya ce, "Ni Gwadabe, da ƙafata na kai aka gwada a gabana. Zinare ce tsantsa." Khalifa ya karɓi kwandalarsa ya mayar aljihu, suka tafi.

Ba a jima ba tallan ya fara fitowa a wata tashar talabijin. A teburin mai shayi na bakin tasha, a shagon caji, a gidajen da ke da sola, ga Gwadabe nan da gemunsa. Bayansa sai wata murya mai gaggawa ta ce kaya sun kusa ƙarewa, a kira lambar nan yanzu. Wani siririn rubutun Turanci kan gifta ta ƙasa, kafin ka ƙifta ido ya wuce. Yara suka riƙa kwaikwayon muryarsa a hanya. Yakan daka musu tsawa, amma a ransa daɗi yake ji.

Mutane suka yi ta kira. Direbobi na kawo saƙon cikin ɗan jan akwati mai laushi. Cikin waɗanda suka saya har da Rufa'i, makiyayi daga ƙasar Doguwa, amininsa tun suna samari. Rufa'i ya koro bijimai masu kyau, Gwadabe da kansa ya yi dillancinsu, har yana yaba masa dabara. Yayar Rufa'i ma, Inna Baturiya, ta rabu da saniyar da take tatsa.

Bayan damina matar Rufa'i ta kwanta, aka ce sai an yi mata aiki a asibiti. Ya ɗauki kwandala biyu ya nufi Kano. Mai gwal ya juya su a hannu, ya sa zarto a gefen ɗaya. Ruwan zinaren ya kankare kamar ɓawon albasa, jar tagulla ta bayyana. Ya ce ko kyauta ba ya so.

Rufa'i ya sami Gwadabe a tsakiyar kara, wajen sayar da shanu, ana ciniki. Bai yi sallama ba. Ya kamo hannunsa, ya buɗe tafin, ya ɗora masa kwandalar da aka kankare.

"Ni ban san su ba, Gwadabe," in ji shi, a hankali. "Kai na gani."

Gwadabe ya tsaya yana kallon jan tabon. Nan take ya gane yadda aka yi: ta gaske guda ɗaya aka ba shi, aka saye bakinsa da ita, sannan aka karɓe ta. Ya saki igiyar da ke hannunsa, ya bar cinikin ba a kammala ba.

Washegari yana Kano. Ofishin da Khalifa ya kwatanta masa ya zama shagon kayan waya, maƙwabta suka ce mutanen sun kwashe tun kafin Sallah. Lambar Khalifa ba ta shiga. Ya wuce gidan talabijin ɗin, ya zauna a benci har bayan azahar kafin wani jami'i ya fito. Jami'in ya saurare shi yana latsa waya. Ya ce su lokaci suke sayarwa, ba kwandala ba. Ya ce ai ma an rubuta a ƙasan tallan cewa ruwan zinare ne aka yi mata, ta tunawa ce kawai, laifin wanda bai karanta ba ne.

"Ƙaryar da Hausa kuka yi ta," in ji Gwadabe, muryarsa ta cika ɗakin. "Gaskiyar ce kuka ɓoye da Turanci? To ku cire fuskata yau."

Aka ce an riga an biya har ƙarshen wata, ba yadda za a yi. Ya buga sandarsa a tebur, masu gadi suka fito da shi. Wajen hukuma aka ɗauki bayaninsa, aka ce ya je za a neme shi. Har yau ana nemansa.

Ya dawo gida a ranar, ya tarar da kansa a talabijin ɗin mai shayi yana ce wa jama'a zinare ce tsantsa. Sai da aka riƙe shi. Tun daga ranar, mai shayin da ya ji kiɗan tallan sai ya kashe.

Gwadabe ya sayi zarto. Kowace kasuwa ya je, sai ya hau kan buhu ko gindin bishiya ya ɗaga murya, ya ce duk mai kwandala ya kawo. Ya kankare ta a gaban mai ita, ya ɗaga sama kowa ya gani. Ya riƙa faɗin sunan Khalifa da na kamfanin yana tsine musu. Wasu suka yi masa godiya, don suna shirin saye. Wasu suka zage shi, suka ce ya ci rabonsa ne yanzu yake borin kunya. A Tudun Wada wani tsoho ya ƙi miƙa tasa, ya ce gara ya mutu yana zaton yana da wani abu. Wannan ne kaɗai Gwadabe ya ƙyale da kwandalarsa.

Matar Rufa'i ta tashi, da taimakon dangi. Amma da kaka ta wuce Rufa'i ya tattara ragowar shanunsa ya yi kudu, bai zo sallama ba. Inna Baturiya ba ta taɓa yi masa maganar ba. In sun haɗu takan gaishe shi kamar da, ta tambayi Zuwaira da yara, shi kuma ya kasa haɗa ido da ita. Yanzu nonon wasu take sara ta kai kasuwa.

Dillancin shanu ya ja baya. Masu damƙa masa igiya sun ragu, yawanci awaki da tumaki yake sayarwa, ya koma ya riƙe gonar masararsa. Zuwaira takan ce ya bar wa Allah, hawan jini zai kama shi. Yakan ce ai ya bar wa Allah tuni, amma Allah bai ce ya yi shiru ba.

Kwanan baya wani direba ya gaya masa an ga irin tallan a wata tashar, da sabon suna, da wani dattijon na wajen Bebeji. Gwadabe na cin tuwo lokacin. Ya ture kwanon, ya wanke hannu, ya tambayi sunan garin dattijon da motar da ake hawa.