Sale da Tekun Cikin Ɗaki

Duk wanda ya san Malam Sale Mai Teku ya san ba a yi masa gaisuwar sauri. Ka ce, "Ina gajiya, ya iyali?" sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Iyali lafiya lau. Gishiri dai ya ɗan hau jiya, amma tsami ya kwanta." Baƙo sai ya ɗauka hawan jini yake nufi, ya hau yi masa sannu. Mu 'yan Karaye mun san labarin ruwan kifinsa yake bayarwa.

Ni taubashinsa ne, babata ƙanwar babansa ce, saboda haka ina da izinin tsokanarsa, kuma wallahi ban yi wasa da izinin nan ba.

Shekara ashirin ya yi yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Legas. Da ya ajiye aiki, lokacin da kowa ke dawowa gida da rediyo ko babur, shi sai ga shi a motar goro rungume da akwatin gilashi. A ciki akwai wasu duwatsun teku masu tsiro kamar gashin masara, da kifaye uku 'yan mitsi-mitsi. Biyu ba su ga damina ba. Na ukun, mai ratsin shuɗi da rawaya, shi ya yi taurin rai. Sale ya raɗa masa suna Hakimi, don a hankali yake zagaya gilashin, ba ya kula kowa. Daga ranar Sale bai da wani buri sai ɗaya, kada Hakimi ya mutu a hannunsa.

Na ce, "Sale, wannan ai ko miyar gwauro ba zai yi ba."

Ya ce, "Kai matsalarka ke nan, Garba. Ba a nuna maka ikon Allah sai ka tambayi yadda ake soya shi."

To, Hakimi ba ya zama a ruwan rijiya. Ruwan teku ake kawo masa a jarka, wani direban motar goro mai suna Ɗanladi ke ɗauko shi. Wata rana Ɗanladi yana sauri, ya ajiye jarkar wajen mai shayin tashar Rogo, ya aiko a gaya mana. Na goya Sale a babur muka tafi. Muna isa muka tarar da rigima, mutane sai tofar da yawu suke, wani tsoho yana rantsuwa an yi masa sammu. Ashe mai shayi ya ga jarka cike, ya juye a tukunya.

Sale ya karɓi kofi ɗaya, ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya lumshe ido.

"Ruwana ne! Kai, Ɗanladi ya kyauta, daga can ciki ya ɗebo, ba na bakin gaɓa ba ne."

Mai shayi ya ce, "Baba, ni fa aka cuta!"

"Kai aka cuta? Kai da ka dafa teku da madara?"

Da harshe yake gwada gishiri, amma tsamin ruwa sai da wani magani na ɗigawa da ya zo da shi a 'yar kwalba. Ranar da maganin ya ƙare Sale bai ci tuwo ba. Hakimi kuwa ya koma gindin dutse yana haki. Matar Sale, Yaya Hajara, ta gaji da ganin mijinta yana safa da marwa, ta ce, "Malam, in tsami kake nema, zobo ai ba ya ɓoye shi. In ruwa da tsami, ja zai tsaya. In da kanwa a ciki, sai ya yi duhu." Ya ɗebi ruwan gilashin a kofi, ya ɗiga zobo, sai ga shi ja jawur. Ya jiƙa kanwa 'yar kaɗan ya tace, yana zubawa yana gwadawa, har launin ya juya. Kafin la'asar Hakimi ya fito rangadi.

Washegari Sale ya kira malamin kimiyya na makarantar sakandare, ya tara mu a zaure, ya jera kofuna.

"Jama'a, ku shaida. Na gano abin da masana suka kasa ganowa."

Daga cikin gida muka ji muryar Yaya Hajara. "Ka gano me? A dawo mini da kanwata, wake zan dafa!"

Sai kuma ranar da dattawa suka zo daga Beli neman auren 'yarsa Binta. Mutum biyar, kowa da babbar riga. An yi addu'a, babbansu ya buɗe baki ke nan, sai wuta ta ɗauke, injin da ke hura wa Hakimi iska ya yi tsit. Sale ya miƙe zumbur.

"Alhaji, riƙe maganarka, ba za ta huce ba."

Ya ɗauko famfon keke, ya haɗa da robar iska, ya danƙa wa wan uban yaron da ke neman Binta. Haka dattawan nan suka naɗe hannun riga suna karɓa-karɓa, gumi har gemu, Sale yana tsaye a kansu kamar mai duba gini. "A hankali, Alhaji, kifi ne ba taya ba!" Da wuta ta dawo, babbansu ya ce cikin haki, "To, Malam, maganar da ta kawo mu..."

"An ba ku. Dangin da za su yi awa biyu suna hura wa kifi iska ba za su bar mini 'ya da yunwa ba."

Shekara tara Hakimi ya yi a Karaye. A ta goman ciwo ya kwantar da Sale, likita ya ce sai an kai shi asibiti a Kano, ya ce ba inda za shi. Na je na same shi, raina a ɓace.

"Sale, kan kifi za ka kashe kanka?"

Ya juya ya dubi gilashin. Sannan ya ce, "Garba, ni na rabo shi da gidansu. In na tafi ban dawo ba, a nan zai mutu, cikin mutanen da ba su san teku ba. Ka mayar mini da shi, ni kuma in tafi asibitin."

Ni da ban taɓa wuce Zariya ba! Haka na hau motar Ɗanladi, bokiti a tsakanin ƙafafuna, kwana biyu ina lallaɓa kifi kamar mai jinya. Muna isa Legas na nufi bakin teku. Wani masunci ya shiga da ni cikin kwalekwale har wajen duwatsu, na karkata bokitin ina salati. Ban san na saba da ɗan banzan kifin nan ba sai da na ga bokitin ba kowa.

Da na dawo Kano, daga tasha asibiti na wuce. Sale ya rame ƙwarai, amma yana ganina ya yunƙura.

"Ya isa da rai?"

"Da ransa."

"Da ka sake shi, ya juyo ya dube ka?"

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce, "Wallahi ko waiwaye bai yi ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Madalla! Ya gane gida ke nan."

Bayan kwana huɗu Sale ya rasu. Ya Allah, bawanka ne da ya kasa tafiya sai da ya sauke haƙƙin ɗan kifi. Ka sauke masa nasa nauyin, Ka yafe masa, Ka sa ya isa gida lafiya. Amin.